Hannun da Ya Fito a Gilashin Yaya

Yayata ba ta taso da niyyar zama mai narka gilashi ba. Mu biyu aka haifa a gidanmu, ita ce babba ni ce auta, kuma da za a tambayi wanda ya san mu muna yara wace ce za ta yi sana'ar da ke son haƙuri, ni za a nuna. Yaya mace ce mai wutar ciki. Kafin ka ce me, ta fasa kofi, ta yi faɗa, ta huce, ta manta. Mahaifiyarmu kan ce hannun Yaya ba ya riƙe abu, rakiya kawai yake yi masa zuwa ƙasa.

Sai ga shi ta auri mai yanka gilashi.

Mijin nata kowa Tara yake ce masa, don yatsunsa tara ne. Tun yana koyon aiki wani faifan gilashi ya suɓuce ya tafi masa da ƙaramin yatsa. Shi da bakinsa yake cewa gilashi ya karɓi rabonsa tun da wuri, shi ya sa ya ƙyale masa sauran. Mutum ne mai sanyin hali da yawan zolaya. In na je shagonsu sai ya ce, "Ga auta mai allura, a ɓoye madubi kada ta tsorata." Shagon siriri ne mai tsawo, tsakanin na mai walda da na mai aski, gaba wurin yanka, baya ɗaki mai taga ɗaya. Rabin tagogin unguwannin da ke kewaye da mu Tara ne ya sa su.

Yaya ce ke share shagon, kuma daga sharar abin ya faro. Ta kasa zubar da ɓaraguzan masu launi. Tana tara su a gwangwanaye, kore daban, shuɗi daban, ruwan zuma daban, har wurin taka ƙafa ya yi wuya. Da Tara ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya ji labarin wani wurin gina tukwane da zai rufe, ya je ya ɗauko mata tanderunsu na lantarki a bayan mota. Wani akwati ne na ƙarfe mai murfi a sama, cikinsa farin bulo. Ya ajiye shi a ɗakin baya ya ce, "To, ga murhun ɓaraguzanki. Ki dafa su mu ga abin da za su zama."

Ba wanda ya koya mata sai ɓarna. Farantinta na farko ya manne da allon tanderun, sai da guduma aka raba su. Daga nan ta gane dole a shafa wa allon farin ruwan alli a bar shi ya bushe. Na gaba ya fito gwanin kyau, kore da ja, ta ajiye shi a kan tebur tana ta yi mana kuri, bayan kwanaki muna zaune ya yi ƙara ya rabe biyu ba wanda ya taɓa shi. Nan ta gane ba kowane gilashi ke zama da kowane ba. Wani ya fi wani saurin miƙewa a wuta da saurin tsukewa in ya huce, in ka haɗa su dole sai sun rabu, ko ba yau ba. Ta koyi hawa da wuta sannu a hankali, da tsayawa a tsakiya don iskar da ke tsakanin faifai ta fita kada ta zama kumfa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne jira. In gilashi ya narke ya haɗe, sai an sauko da zafin a hankali, a riƙe shi a wani mataki ya huta, sannan a bar tanderun a rufe har ya yi sanyi da kansa. Mace irin Yaya a ce kada ta leƙa! Sai da ta yi asarar faranti da yawa kafin ta iya zama a kan hannuwanta.

Da shekaru suka tura, sai ta zama wata daban. Maganarta ta ragu, tafiyarta ta yi sanyi. Tana yin faranti da kwanonin ado da 'yan allunan rataye a taga, wani lokaci ta sa siririyar wayar tagulla a tsakiya ta fito kamar jijiyar ganye. Dokar da ba ta wasa da ita ita ce wanki. Sabulu, ruwa, sannan sifirit da tsumma mai tsabta, kuma daga nan ba a riƙe gilashi sai ta gefe. Ta ce maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya bar tabo a fuskar faranti, wuta ta gasa shi a ciki har abada.

Tara ya rasu ba tare da doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. 'Yarsu ɗaya tana aure a nesa. Don kada Yaya ta zauna ita kaɗai a shagon, na kwaso keken ɗinkina na kafa a gaba inda teburin yankan yake, ita tana ɗakin baya, labule ne kawai tsakaninmu. Ba ta yi kuka mai yawa ba, abin da ya dame ni ke nan. Ta koma aiki kamar ba abin da ya faru.

Wata safiya matar mai kemis ta shigo da faifan gilashi a naɗe cikin tsohon bargo. Za a rushe tsohon kemis ɗinsu a yi gini, tana son a yi mata tire da gilashin tagar gaba don tunawa.

Yaya ta ɗaga shi a haske ta ce, "Tsohon gilashin taga ne, ba ya karɓar baƙo. Ba zan sa masa launi ba, sai dai in yanko faifai biyu daga jikinsa in ɗora shi a kan kansa."

"Yadda kika ga ya dace," in ji matar. "Ai marigayi mijinki ne ma ya sa mana shi."

Yaya ta shimfiɗa gilashin a kan tebur. Ta yanka, ta wanke kamar yadda ta saba, ina kallonta ta gefen labule. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta rufe tanderu.

Washegari da hantsi ina tsakiyar ɗinka hannun riga na ji ta ce, "Auta. Zo."

Ba ta saba kirana da wannan murya ba. Na shiga na tarar da ita tsaye, murfin tanderun a buɗe, hannuwanta a bayanta. Gilashin ya haɗe sumul, gefensa ya yi laushi. A tsakiyarsa, can ciki tsakanin faifan biyu, akwai wani fari-fari kamar in ka hura numfashi a madubi. Tafin hannu ne. Bai fito sosai ba, amma ba ka bukatar a gaya maka. Tafi, da layukan yatsu a sama.

"Ƙirga," ta ce.

Na ƙirga. Huɗu.

Na ce, "Yaya, ko dai ba ki wanke da kyau ba?"

"A gabanki na wanke." Sannan ta ba kanta amsa. "Amma gilashi yana da riƙo. Ranar da marigayi ya sa shi, hannunsa da maiƙon abin liƙi, ya dafa. Rana ta yi ta dukansa shekara da shekaru har ya ci ciki. Ido ba ya gani, wuta ce ta tono shi."

Maganar ta shiga hankali, na kama ta hannu biyu. Yaya ta yi wa matar mai kemis wani tiren da ragowar gilashin, ya fito fes ba komai, ta zo ta karɓa tana ta sa albarka. Na farkon kuwa Yaya ta jingina shi a kan kanta a ɗakin baya. A ranar ne na ga ta yi kukan da ba ta yi ba a baya, har na ji daɗi, na ce ciwon ya fashe.

Ashe farawa aka yi.

Akwai wani mai rusau da ke wucewa ta layinmu da amalankensa, yana sayen tsofaffin ƙofofi da tagogi. Yaya ta tare shi ta lissafa masa gine-ginen da ta san Tara ya yi wa aiki, ta ce duk wanda za a taɓa ya kawo mata gilashin. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Inna, mutane na neman sabo ke kina neman tsoho?" Amma ya riƙa kawowa. Tagar tsohon ɗakin karatu, ta wani gidan sama, ta shagon mai gyaran agogo. Yawancinsu in ta gasa ba abin da ke fitowa. Sai jefi-jefi ta ɗaga murfi ta tarar da hannun.

Ta daina karɓar aikin mutane sai wanda ya zama dole. Ta rame. In na kawo mana abinci sai ya huce ba ta taɓa ba. Wani lokaci in na tsayar da keke nakan ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, irin hirar mata da miji, wa ya zo wa ya tafi, rufin ɗaki yana yoyo, 'yarsu ta bugo waya. Tanderun take yi wa.

Farantan suka yi layi a kan kantar. Ni dai ban son juya musu baya. Da rana tsaka, in layin ya yi tsit, mai walda ya tafi cin abinci, sai ka ji ɗaya daga cikinsu ya yi ƙis, siririyar ƙara kamar an ɗan ƙwanƙwasa kofi da farce. Yaya ta ce gilashi ne ke sakin gajiya, duk mai wannan aiki ya san haka. Na yarda. Amma na lura da abin da ban iya faɗa mata ba. Na farko hannun a kwance yake, kamar wanda ya dafa ya wuce. Na baya-bayan nan yatsun sun buɗe, gindin tafin ya fi fari, kamar wanda ke turawa.

Na ce mata wata rana, "Yaya, ki bar bawan Allahn nan ya huta. Addu'a yake bukata, ba tanderu ba."

Ta dube ni da tsohon idon faɗanta ta ce, "Ke da kike da naki mijin a gida, me kika sani?"

Na koma kan kekena.

Da damina ta kankama, wani mai gidan abinci ya matsa mata sai ta yi masa manyan faranti farare. Wannan karon sabon gilashi aka kawo daga kanti, a cikin akwatin katako, da takarda tsakanin kowane faifai. Ni na taya ta cire ƙusoshin. Tara bai taɓa ganinsa ba, an yi shi bayan rasuwarsa. Ta sa safar hannu ta zaro, ta yanka, ta wanke, ta rufe.

Ranar buɗewa ruwa ake yi tun safe, ba mai shigowa shago. Wajen azahar ta taɓa jikin tanderun ta ce ya yi sanyi. Ina tsaye kusa da ita don na kawo mata shayi. Ta ɗaga murfin.

Hannun yana nan. Bai taɓa fitowa haka ba. Ba hazo-hazo ba ne wannan karon, har zanen tafin ana gani, da gaɓoɓin yatsu, da ɗan lanƙwasar da fata ke yi in an danna da ƙarfi.

Kofin ya karkace a hannuna shayin ya zuba a ƙafata ban ji zafi ba. Na ce, "Wannan sabo ne, Yaya. Wannan bai taɓa..."

"Na sani."

Da farko fuskarta ta yi haske, wallahi har murmushi ta fara. Ta ɗauko farantin ta kai bakin taga ta ɗaga shi. Ruwa na gangarowa a bayan tagar, hasken yana ratsa shi. Ina kallon murmushin yana janyewa kaɗan-kaɗan.

"Auta," ta ce, "wane yatsa ne baban yarinya ba shi da shi?"

"Ƙaramin mana."

"Zo ki duba."

Ban so ba, amma na matsa. Ga babban yatsa. Can ɗaya gefen ga ƙaramin yatsa, cikakke, har kansa. Giɓin yana kusa da babban yatsa ne. Manuni ne babu. Kuma da ta ɗora nata hannun a kai sai na ga girman abin. Tara gajere ne mai dunƙulallen hannu. Waɗannan yatsun dogaye ne sirara, sun wuce nata da kusan gaɓa biyu.

Ta ajiye shi a hankali, ta fara sauko da na kan kanta ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa a haske. Yanzu da muka san inda za mu duba, ko a dusassun ana gani. Giɓin a wuri ɗaya yake a dukkansu, har na matar mai kemis.

Ta zauna a kan akwatin katakon. Ruwa na ta dukan kwano. Can ta ce, ba da ni take ba, "To wa nake ta yi wa hira?"

A daidai nan wani faranti ya yi ƙis. Sai wani ya amsa daga ɗaya gefen teburin.

Na kama hannunta na ja ta muka fito gaban shago, muka tsaya a bakin ƙofa feshin ruwa na jiƙa mu. Mai aski ya leƙo daga nasa shagon ya ce, "Lafiya, 'yan gida ɗaya? Ko ɓera ne?" Yaya ta ce masa eh, ɓera ne, babba.

Da ruwa ya tsagaita ita ta fara komawa ciki. Na zaci guduma za ta ɗauka. Ta ce a'a, in ta fasa su ɓarɓashin zai shiga kowane lungu na shagon, za mu yi ta taka shi ba mu sani ba. Ta juya kowane faranti ta kife, muka naɗe su da tsofaffin ƙyallayena, muka zuba a buhuna muka ɗaure. Ba ta bar ko ɗaya ba. Na lura duk tsawon aikin ta gefe take riƙe su.

Da mai rusau ya zo wucewa ta ce ya kai su ramin da ake zubar da ɓaraguzan gini, ya tabbatar an rufe da ƙasa. Ya ce, "Inna, kaya masu kyau haka?" Ya kwance bakin buhu ɗaya ya zaro faranti ya buɗe ƙyallen. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar, ya goge hannunsa a rigarsa, ya sake gogewa. Bai tambaye mu komai ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ya ɗora buhunan ya tura amalankensa. Tun daga ranar ya canza hanya, in ya zo bakin layinmu sai ya zagaya ta baya.

Yaya ta kwanta ciwo bayan nan, ba mai tsanani ba, irin na wanda ya sauke kaya mai nauyi. Na dawo da ita gidana, maigidana ya bar mata ɗakin baƙi. Ta yi ta barci kamar jaririya, ta fara cin abinci, ta fara yi wa 'ya'yana faɗa a kan takalma a bakin ƙofa, na ce alhamdu lillahi Yaya ta dawo. 'Yarta ta zo ta so ta tafi da ita, ta ƙi. Mai gidan abinci ya gaji da jira ya nemi farantansa a wani wuri.

Sai da damina ta wuce ta koma shago. Ta share ɗakin baya, ta sake shafa wa allon tanderu alli, ta kunna. Amma ba ta ƙara gasa abin da ya kai faɗin tafin hannu ba. 'Yan kunne take yi, da duwatsun zobe, da maɓallai, da ƙananan tayil da ake jerawa a gefen madubi. Tana daka ɓaraguzai su zama gari, ta barbaɗa launi a kan launi da ɗan cokali, ta sauko da wuta tun suna da tudu-tudu ba su baje ba. Maɓallanta sun sa ɗinkina ya yi suna, har mata kan zo su ce a yi musu riga saboda maɓallin kawai.

Ba mu taɓa gano hannun wane ne ba. Na yi tambaya a fakaice a wurin tsofaffin magina da masu sayar da gilashi ko sun san wani dogon mutum marar manuni, ba wanda ya sani. Yaya kuwa ba ta nema ba. Sau ɗaya na tayar da zancen ta ce, "Abin da ka kira ya amsa, ba ka tambayarsa sunansa," ta ci gaba da jera maɓallai.

Yanzu ta tsufa, ido ya yi rauni, sai da tabarau biyu take aiki, ɗaya a kan ɗaya. Mata uku na layinmu suna zuwa koyo a wurinta, duk masu 'ya'ya, tana yi musu tsawa kamar yara in sun ɗaga murfi da wuri. Kwanan baya wani mai sayar da kujeru ya zo da mota, yana son ta yi masa saman tebur guda, babba, ya ce duk garin an ce ita ce gwana. Ya yi ta roƙo, ya yi ta zuba mata kirari.

Yaya ta saurare shi har ya gama, sannan ta zaɓi wani shuɗin maɓalli a cikin kwano ta miƙa masa.

"Ɗana, tebur ya fi ƙarfina," ta ce. "Ungo wannan, rigarka ta ɓalle a wuya."